Tsofaffin Kaya a Ɗakin Amarya: Yadda Kasuwar Kayan Hannu Ke Sauya Jere da Kwalliyar Biki

A cikin lungunan Kasuwar Kurmi da ke tsakiyar birnin Kano, wadda tarihi ya danganta kafuwarta da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, akwai rumfunan da yawancin hajarsu ta riga ta yi zama a gidan wani kafin ta iso kasuwa. A nan ake samun tasoshin tagulla da suka yi duhu saboda daɗewa, da akusan itace waɗanda man miya ya ratsa jikinsu, da butoci masu dogon wuya, da ƙoren da aka yi wa zane da wuƙa, da tsofaffin duwatsun wuya da ake sayarwa a zare.

Shekaru masu yawa, Turawa 'yan yawon buɗe ido da ma'aikatan ofisoshin jakadanci su ne manyan masu sayen irin waɗannan kaya, har zuwa lokacin da matsalar tsaro ta rage zuwansu Arewa. A yau masu tsayawa a bakin rumfunan sun sauya, domin a cikinsu akwai matan da ke sana'ar ƙawata wuraren biki, da amaren da ke son sanya wani abu na gargajiya a falo, da matasan da ke saye don su sake sayarwa ta waya.

A gefe guda kuma, a unguwannin Kano da Kaduna da Zariya da Katsina da Maraɗi, wata kasuwar da ba ta da rumfa tana ƙara faɗi, wato kasuwar gadaje da kujeru da sif da firji na hannu, waɗanda iyaye ke saya a ɓoye, a gyara, a kai ɗakin amarya. Kasuwannin biyu suna sayar da abin da aka taɓa amfani da shi, amma al'umma tana yaba wa mai shiga ta farko, tana kuma kunyata mai shiga ta biyu, kuma wannan bambanci shi ne abin da ya fi cancantar a duba.

Matsayin jere a rayuwar mace

Kayan ɗaki su ne dukkan abin da iyayen amarya ke tanada don ɗakin da za ta zauna, tun daga gado da katifa har zuwa tukwane da kwanuka, jere kuwa shi ne aikin da 'yan uwanta mata ke yi na shirya kayan kwana ɗaya ko biyu kafin a kai ta. Ya bambanta da lefe, wanda ɓangaren ango ke kawowa na tufafi da kayan shafa, ya kuma bambanta da gara, wadda ta ƙunshi kayan abinci da ake kai wa bayan tarewa.

Abin da ya ba kayan ɗaki nauyi shi ne cewa mallakar mace ne ita kaɗai. Miji ba ya da ikon sayar da su, idan aure ya mutu da su take fita, idan kuma rashin lafiya ko yunwa ta matsa, daga cikinsu take zarar abin da za ta bai wa dillaliya. Masu bincike sun daɗe da lura da wannan. Enid Schildkrout, wadda ta yi nazarin aikin yara a Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda ribar tallar 'yan mata ke tafiya wajen tara kayan ɗakinsu, haka kuma Barbara Cooper, a littafinta na 1997 kan aure a Maraɗi, ta bayyana yadda waɗannan kaya ke nuna darajar mace da yawan mutanen da suka tsaya mata.

Saboda haka sayar da kayan ɗaki da sayen na wata ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun da can kwano yana fita daga ɗakin wannan ya shiga ɗakin waccan, kuma uwa tana ɗebe daga nata jeren ta ƙara wa 'yarta ba tare da wani ya ga abin kunya a ciki ba.

Daga ƙwarya zuwa kwalla

Kowane zamani yana da abin da yake jerawa. A farkon ƙarni na 20, adon ɗakin mace ya dogara ne kan ƙore masu zane da ake ɗorawa bisa juna, da faya-fayai masu launi da ake rufe su da su, da akushi, da tasoshin tagulla ga masu hali, waɗanda wasunsu aikin maƙeran Bida ne a ƙasar Nupe, wasu kuma na maƙeran farfaru na Kano.

Daga baya kwanukan ƙarfe masu fenti suka mamaye jere, irin su langa da kwalla da fanteka da samira. Abin da ake gani kamar fenti a jikinsu garin gilashi ne da ake shafawa a kan ƙarfe a gasa shi a wuta mai tsananin zafi har ya narke ya manne, shi ya sa suke ƙyalli, shi ya sa kuma suke ɓantarewa idan sun faɗi. An fara shigo da su daga Turai, musamman Cekoslobakiya, da kuma Hong Kong, kafin wasu 'yan kasuwar Hong Kong su kafa masana'antunsu a Najeriya wajen shekarun 1960, ciki har da Legas da Kano.

A wancan lokaci, mace mai gata ita ce wadda kwallayenta suka tashi daga ƙasa har kusa da rufin ɗaki, saiti bisa saiti, launi ɗaya a jere ɗaya, ga gadon ƙarfe mai rumfa an ɗaga ƙafafunsa an cusa wasu kwanukan a ƙarƙashi. Yawancin waɗannan kwanuka ba a taɓa zuba abinci a cikinsu ba, domin ajiya ce, kuma wannan ne dalilin da ya sa har yau ake samun saitin da ya shekara arba'in ko hamsin bai ɓantare ko kaɗan ba.

Bayansu tangaran da gilashi suka shigo, aka koma jera su a cikin kabad mai madubi, sannan kuloli da kayan roba da na silba, har aka iso zamanin gadajen katako masu faɗi da kujerun da ake cewa na Turkiyya ne ko na Dubai. Duk lokacin da yayi ya juya, kayan da aka daina yayi sukan koma ɗakin ajiya, ko ƙauye, ko hannun mai saye da arha. Daga wannan tarin ne kasuwar tsofaffin kaya ta yau take ci.

Tsadar da ta matsa wa iyaye

Babban abin da ya tura mutane kasuwar kayan hannu a 'yan shekarun nan shi ne tsadar rayuwa. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da sakin naira ta nemi farashinta a kasuwa, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin hukuma zuwa kusan 1,500, hauhawar farashi kuma ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024. Katako da soso da yadin kujera da fenti duk sun bi sahu, saboda wasu ana shigo da su ne, wasu kuma kuɗin dako ne ya ɗaga su.

Tun kafin wannan ma, a 2015 Babban Bankin Najeriya ya sanya kayan katako na ɗaki da kwanuka da kayan girki cikin jerin hajoji 41 da ya hana masu shigo da su samun dala a farashin gwamnati, matakin da bai janye ba sai a watan Oktoban 2023. A yanzu saitin gado da sif da madubi da kujeru sabo yana kamawa daga dubban ɗaruruwa zuwa miliyoyin naira, alhali mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne.

Nauyin ya kai matsayin da ake ɗaga ranar aure, wani lokaci a fasa shi gaba ɗaya, saboda uban yarinya bai haɗa kayan ɗaki ba. Ba banza ba ne a auren gata da gwamnatin Kano ta ɗauki nauyinsa a watan Oktoban 2023, wanda ya haɗa ma'aurata kusan 1,800, gado da katifa suka kasance cikin manyan abubuwan da aka raba. Uwar da adashinta bai kai ga sabo ba, idan ta sami gado mai ƙwari na hannu a rabin kuɗin sabo ko ƙasa da haka, ta sami mafita ta halal wadda ta fi cin bashi.

Dillaliya da waya

Tsohuwar hanyar wannan ciniki ita ce dillaliya, matar da ke shiga gida gida tana karɓar kayan da matan aure ke son sayarwa, ta kai wa masu so, ta ɗauki la'ada, wato ɗan kason da ake ba mai shiga tsakani. Amfaninta ya wuce kai kaya da kawo kuɗi, domin ita ce ke rufa asirin ɓangarorin biyu, ta yadda mai sayarwa ba a san ta shiga matsi ba, mai saye kuma ba a san na hannu ta saya ba.

Yanzu waya ta karɓi wani kaso na aikin. A WhatsApp da Instagram da Facebook da Jiji ana sanya hoton kujera da farashinta, kuma akwai matan da sana'arsu ke nan, su tallata kayan masu ƙaura ko masu canjin kayan ɗaki. Akwai kuma kafintocin da ke karɓar tsohon saiti a yi masa kuɗi, mai shi ta cika ta ɗauki sabo, su kuma su gyara tsohon su sayar. Kasuwanni irin su Panteka a Kaduna, da wuraren da ake sauke kayan Kwatano, wato kayan hannu da ake shigowa da su daga waje, suna cike gurbin firji da murhun gas da kayan wuta.

Tsohon kaya a zauren biki

Ɓangaren da ya fi fitowa fili shi ne na kwalliyar wurin biki. A bukukuwan birane an ware ranaku irin su kamu da sa lalle da abin da ake kira ranar ƙauyawa, inda amarya da ƙawayenta ke shigar gargajiya, kuma a irin waɗannan ranaku masu kwalliya kan shimfiɗa tabarmin kaba da darduma, su jera tumtum na fata, su kafa tulu da randa, su rataya faya-fayai a bango, su ajiye turmi da taɓarya da fitilar ƙwai da kaskon turaren wuta.

Masu wannan sana'a suna fifita tsohon kaya a kan sabo saboda dalilai na zahiri. Tsohuwar tasa ta fi kauri da nauyi, zanenta na hannu ne ba na inji ba, akushin da aka daɗe ana ci a ciki yana da baƙi mai sheƙi wanda fenti ba ya bayarwa, luru ko gwadon da aka saƙa da zaren hannu kuma yana da tsari da sabon yadin kanti ba ya kwaikwaya. Masu rumfunan sukan ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma a wannan fanni maganar tana da tushe.

Tun da kayan haya ake bayarwa, saiti ɗaya yana iya yin bukukuwa da dama a wata guda, abin da ya mayar da tara su jari mai riba. Daga zauren biki sha'awar ta shiga gidaje, inda ake ganin tsohuwar fanteka a kan teburin falo, ko akwatin ƙarfe na kaka an goge shi an mayar da shi wurin ajiye littattafai. Wannan sha'awa abin maraba ce, domin ta sa matasan da suka tashi cikin roba da gilashi suna tambayar sunayen kayan da iyayensu suka yi watsi da su.

Abin da ake sayarwa da awo

Sai dai ribar wannan farfaɗowa ba ta cika komawa ga masu kayan na asali ba. Tsohuwar da ke ƙauye ba ta san abin da ake biya a birni ba, magada kuma idan suka zo rabon gado sukan ɗauki tsofaffin kwanuka a matsayin tarkace. Mai sayen da ya fi isa ƙofarsu shi ne ɗan gwangwan, wato mai yawon sayen tsohon ƙarfe, wanda ba ya kallon zane ko shekaru, sikeli kawai yake ɗorawa.

Tagulla tana cikin ƙarafan da suka fi tsada a wurin masu narkarwa, don haka tasar da maƙeri ya shafe kwanaki yana bugawa tana iya ƙarewa a tukunyar narka ƙarfe a kan kuɗin da bai kai na cefanen mako ba. Gadajen ƙarfe masu rumfa ma da yawa ta wannan hanya suka tafi. Asarar ta zarce ta kuɗi, domin tarihin sarakuna da yaƙe-yaƙe an rubuta shi, amma tarihin matan Hausa mafi yawansa a cikin irin waɗannan kaya yake, a cikin abin da suka tara da abin da suka zaɓa da abin da suka bar wa 'ya'yansu. Gidan Makama a Kano ya keɓe wuri da ke nuna ɗakin amarya na da, amma ɗaki ɗaya a gidan tarihi ba zai ɗauke bambancin jeren Bakatsiniya da na Bazazzagiya da na matan Damagaram ba.

Akwai kuma doka a kan wasu daga cikin kayan. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta ɗauki aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi, ta hana cinikinsa sai ta hannun wanda aka ba izini, ta kuma hana fitar da shi waje ba tare da takarda ba. Kwallar shekarun 1970 ba ta shiga wannan rukuni ba, amma tsohuwar tasa ko takobi ko rubutun hannu na iya shiga, kuma yawancin masu saye da masu sayarwa ba su san da wannan iyaka ba.

Aibin da ido ba ya gani

Kayan hannu suna da haɗarinsu. Kuɗin cizo yana ɓuya a mahaɗar katako da ɗinkin kujera, yana iya yin watanni bai sha jini ba, ƙwansa kuma ba ya mutuwa da feshi ɗaya, shi ya sa masu ƙwarewa ke sayen gangar jikin gado ko kujera su canza soso da yadi, su bar katifa ta zama sabuwa. Garin katako da ke zuba a ƙarƙashin sif alama ce ta ƙwaro a ciki, kuma katakon da aka yi da matsattsen gari, idan ya taɓa shan ruwa ya kumbura, ba ya gyaruwa.

Tsofaffin kwanuka masu launin ja ko rawaya mai haske na iya ɗauke da dalma ko wasu ƙarafa masu guba a cikin rufinsu, haka ma tsohon fentin katako, kuma dalma tana cutar da ƙwaƙwalwar ƙananan yara ko da kaɗan ce. Tagulla ma idan ta haɗu da abu mai tsami, kamar kunun tsamiya ko zoɓo, tana fitar da koren tsatsa mai cutarwa. Abin da ya fi aminci shi ne a bar irin waɗannan kaya a matsayin ado, a ci abinci a wasu.

Matsala ta uku ita ce asalin kayan. Dokar laifuka ta Arewa ta ɗauki karɓar abin da aka san na sata ne a matsayin laifi, kuma damuwa kan sace-sacen ƙarafa ce ta sa gwamnatin Borno ta hana sana'ar jari-bola a 2023, hukumomin Abuja kuma suka rufe kasuwannin tsofaffin kaya na ɗan lokaci a farkon 2025. Farashin da ya yi arha fiye da kima, daga hannun wanda ba a san shi ba, dalili ne na janyewa. Ga kuma jabu, domin inda tsufa ya zama abin biya, za a sami mai ƙirƙirarsa da hayaƙi da toka da man ja. Christopher Steiner ya bayyana irin waɗannan dabaru a littafinsa na 1994 kan cinikin kayan fasahar Afirka a Abijan, inda fatake Hausawa ke da babban matsayi.

Ƙyama da abin da malamai ke cewa

Masu ƙin kayan hannu a ɗakin amarya suna da hujjojinsu. Wasu iyaye suna ganin sabuwar rayuwa ta cancanci sabon kaya, wasu suna tsoron gori daga dangin miji ko kishiya, waɗanda ke zuwa ganin ɗaki su ƙididdige komai, wasu kuma suna ƙyamar gadon da ba su san wanda ya kwanta ko ya rasu a kansa ba. Tsoron gori gaskiya ne, kuma yarinya ce ke ɗaukar zafinsa shekara da shekaru, don haka ba daidai ba ne a raina uwar da ke gudunsa.

Amma hujjar ba ta da ƙarfi ta fuskar addini. Malamai suna yawan tunatarwa cewa shari'a ta ɗora wa miji samar da masauki, al'ada ce ta ɗora yawancin nauyin kayan ɗaki a kan iyayen mace, kuma sukan kawo misalin kayan da aka kai Nana Faɗima da su gidan Sayyidina Ali, waɗanda ruwayoyi suka nuna ba su wuce mayafi da salkar ruwa da matashi da 'yan ƙananan abubuwa ba. Abin da fiƙihu ya tsananta a kai shi ne gaskiya a ciniki: mai sayarwa ya bayyana aibin kayansa, mai saye kuma yana da haƙƙin mayarwa idan ya gano aibin da aka ɓoye masa. Dillalin da ya fesa wa ruɓaɓɓen katako fenti ya sayar a matsayin sabo shi ne ya yi algus, ba uwar da ta sayi na hannu da saninta ba.

Masu gyara da masu ƙira

Ra'ayin masu sana'a ya rabu. Kafintocin da ke yin sabbin saiti suna kukan cewa kayan hannu sun rage musu ciniki, amma wasunsu sun koma gyara, kuma su da kansu suna shaida cewa gadon da aka yi da maɗaci ko wani katako mai ƙarfi shekaru talatin da suka wuce ya fi yawancin na yanzu ƙarko. Masu feshin fenti da masu ɗinkin kujera da masu walda da masu goge tagulla da toka da lemun tsami duk sun sami aiki daga wannan kasuwa.

Waɗanda har yanzu ba su amfana sosai ba su ne masu ƙirar asali, wato masu zanen ƙwarya da masu saƙar faifai da masassaƙan akushi da masaƙan luru, waɗanda yawancinsu sun manyanta kuma 'ya'yansu sun kama wasu sana'o'i. Tsofaffin kayan da ke yawo a kasuwa suna da iyaka, kowace shekara wasu na fashewa a wuraren biki, wasu na narkewa, wasu na ficewa daga ƙasar. Wasu masu kwalliya sun fara bayar da aikin sababbi kai tsaye ga masu sana'ar a ƙauyuka, suna haɗa su da tsofaffin a wurin biki, sai dai kuɗin da ake biyan mai saƙar faifai har yanzu kaɗan ne idan aka gwada da abin da ake karɓa na hayarsa a dare ɗaya.